Me ya sa gyaran dogayen benayen da ruwa ya lalata ke gagarar masu gidaje a Florida?

A jihar Florida da ke kudu maso gabashin Amurka, dubban mutanen da suka mallaki gidaje a cikin dogayen benaye na karɓar wasiƙun da ke hana su barci. Wasiƙun na fitowa ne daga kwamitocin da ke kula da gine-ginen, kuma saƙonsu kusan iri ɗaya ne: injiniyoyi sun duba ginin, sun ga ɓarnar da ruwa ya yi masa, ga kason da kowa zai biya na gyara.

A wasu benayen, kason mai gida ɗaya ya haura dala dubu 100. Da yawa daga cikin masu gidajen tsofaffi ne 'yan fansho, waɗanda suka bar jihohin arewa masu sanyi suka dawo bakin teku domin su ƙarasa rayuwarsu cikin hutu. Wasu sun ci bashi, wasu sun sa gidajen a kasuwa, masu saye kuma sun ja baya.

Wannan hali ya samo asali ne daga rushewar wani bene a shekarar 2021, da kuma dokar da jihar ta kafa bayan nan. Abin da ke faruwa a Florida na nuna cewa injiniyoyi sun daɗe da sanin yadda ake gyara benen da ruwa ya ci. Inda ake samun cikas shi ne wanda zai biya, da kuma wanda ke da ikon tilasta a fara aikin kafin lokaci ya ƙure.

Abin da ya faru a Surfside

Champlain Towers South bene ne mai hawa 12 da gidaje 136. An kammala shi a 1981 a garin Surfside da ke maƙwabtaka da Miami Beach, gabansa titin Collins, bayansa Tekun Atlantika.

Da misalin ƙarfe 1:20 na daren 24 ga Yunin 2021, yayin da akasarin mazauna ke barci, wani babban ɓangare na ginin ya rufta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mutum 98 ne suka rasu. A ranar 4 ga Yuli hukumomi suka rushe ragowar ginin da nakiya, saboda fargabar guguwar Elsa da ke tafe za ta kayar da shi a kan masu aikin ceto.

Ba a jima ba takardu suka fara fitowa. A watan Oktoban 2018, wato kusan shekara uku kafin rushewar, injiniyan da kwamitin ginin ya ɗauka, Frank Morabito, ya miƙa rahoto da ke cewa shimfiɗar hana ruwa shiga da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya ta daina aiki, kuma hakan ya yi wa daben kankaren da ke ƙasanta mummunar illa. Wannan dabe shi ne rufin garejin motoci na ƙarƙashin ƙasa.

Rahoton ya nuna wani kuskure na tun asali: an zuba daben ne a miƙe, babu gangara, don haka ruwan sama da na wanke-wanke ba shi da hanyar wucewa, sai dai ya kwanta har rana ta busar da shi. Injiniyan ya kuma ga tsaga da ɓantarewar kankare a ginshiƙai da bangayen garejin, ya yi gargaɗin cewa idan ba a sauya shimfiɗar da wuri ba, lalacewar za ta riƙa ninka kanta. An ƙiyasta kuɗin gyaran a lokacin ya kai kimanin dala miliyan 9.

Wata guda bayan haka, wani jami'in kula da gine-gine na garin ya halarci taron mazauna, ya ce musu ga alama ginin na cikin kyakkyawan yanayi. Sai aka shiga ja-in-ja kan kuɗi da girman aikin, har akasarin mambobin kwamitin suka yi murabus a 2019.

A watan Afrilun 2021 shugabar kwamitin ta rubuta wa mazauna cewa ɓarnar ta ƙaru sosai. Zuwa lokacin an amince a yi karo-karon dala miliyan 15, daga kimanin dala dubu 80 ga mai gida mai ɗakin kwana ɗaya zuwa sama da dala dubu 300 ga mai gidan ƙololuwa. Abin da ke cikin asusun ajiyar ginin bai kai dala miliyan ɗaya ba. An fara aikin rufin sama, amma ba a taɓa farfajiyar wurin ninƙayar ba. An tsara fara biyan kuɗin ne ranar 1 ga Yuli, mako guda bayan daren da ginin ya faɗi.

Yadda ruwa ke cin kankare

Mutane da dama na ɗaukar kankare tamkar dutse ne da ba ya tsufa. Amma ƙarfin dogon bene ya dogara ne a kan abu biyu da ke aiki tare: kankare, wanda ke jure nauyin da ke danne shi, da rodin da ke cikinsa, wanda ke hana shi karyewa idan nauyi ya nemi lanƙwasa shi.

Siminti na da wani sinadari da ke lulluɓe rodi da siririyar kariya mai hana tsatsa. Muddin kankaren na da kauri, kuma ruwa ba ya ratsa shi, rodin zai iya shafe shekaru masu yawa lafiya ƙalau. Gishiri ne babban abokin gabar wannan kariya. A bakin teku iska ma na ɗauke da gishiri, ruwan da ya kwanta a kan dabe kuma shi ke jan gishirin zuwa ciki sannu a hankali har ya isa ga ƙarfen.

Da zarar rodi ya fara tsatsa sai ya kumbura, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa cin wuri ninki-ba-ninki. Kumburin na tura kankaren daga ciki har ya tsage, daga baya ya fara ɓantarewa yana faɗowa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ruwan ne da kansa ke tsaga bangon, sannan ya ƙara samun ƙofa. Wannan ne dalilin da ya sa gyaran da za a yi da kuɗi kaɗan bana kan ninka bayan 'yan shekaru.

Tsarin ginin ma na da tasiri. A Champlain Towers South, daben farfajiyar na zaune ne kai-tsaye a kan ginshiƙai. A irin wannan tsari mahaɗar dabe da ginshiƙi ita ce wuri mafi haɗari, domin idan ta yi rauni ginshiƙin kan huda daben ya ɓullo ta sama, daben kuma ya zube ƙasa, sau da yawa ba tare da dogon gargaɗi ba.

Ruwa kaɗai ne ya kayar da ginin?

Cibiyar ƙa'idoji da fasaha ta gwamnatin Amurka, NIST, wadda ta binciki rushewar tagwayen benayen New York na 2001, ita ce ta ɗauki nauyin binciken Surfside. Bayanan da masu bincikenta suka riƙa fitarwa sun nuna cewa farfajiyar wurin ninƙayar ce ta fara ruftawa, 'yan mintoci kafin benen ya biyo baya.

Sun kuma gano cewa tun a zane ba a ba wa wasu sassan farfajiyar ƙarfin da ƙa'idar gini ta lokacin ta buƙata ba, kuma a wurare da dama ba a jera rodin yadda zanen ya nuna ba. Daga baya an ƙara wa daben nauyi da manyan tukwanen shuke-shuke da yashi da duwatsun ado. A kan duk wannan ne tsatsa ta zo ta rage ɗan ƙarfin da ya saura.

Ma'ana, ginin ya zo duniya da rauni, ruwa kuma ya shafe shekara 40 yana ƙara masa. Tun ran gini ran zane. Sai dai akwai bambanci ɗaya mai muhimmanci: kuskuren zane da na jera rodi a ɓoye suke cikin kankare, amma yoyo da tsaga da tsatsa an gan su da ido, an ɗauki hotunansu, an rubuta rahoto a kansu.

Yaya ake gyara irin wannan ɓarna?

Matakin farko shi ne gano inda ruwan ke shiga a toshe shi. Gyaran kankare alhali yoyo na ci gaba asarar kuɗi ne, kuma rahoton 2018 ya nuna cewa facin da aka taɓa yi wa tsagogin garejin na Surfside a baya bai riƙe ba.

Na biyu shi ne auna girman ɓarnar. Ma'aikata kan bi dabe da bango suna ƙwanƙwasawa da guduma, ko su ja sarƙa a kansa, domin wurin da kankare ya rabu da rodi yana da amo na daban, irin na abin da babu komai a cikinsa. Ana kuma huda kankaren a ciro samfuri a kai ɗakin gwaji don a san ƙarfinsa da zurfin da gishiri ya kai, sannan a yi amfani da na'urori wajen gano inda rodi yake da inda danshi ya maƙale.

Na uku, a tokare wurin da sandunan ƙarfe domin su ɗauki nauyin na wucin gadi. Daga nan sai a sassaƙe ruɓaɓɓen kankaren har bayan rodin, a kankare tsatsar, a ƙara sabon rodi inda tsohon ya sirance, a zuba sabon kankare na musamman. A ƙarshe a gyara gangarar daben zuwa magudanai, a shimfiɗa sabuwar rigar hana ruwa. A wasu gine-ginen ana haɗa rodin da wata 'yar ƙaramar wutar lantarki ko wasu guntayen ƙarfe da ke karɓar tsatsar a madadinsa.

Babu wani sirri a cikin waɗannan matakai. Wahalar ita ce ba wanda ke sanin ainihin girman ɓarnar sai an fasa, shi ya sa kuɗin da aka ƙiyasta kan ƙaru bayan an fara. Ga shi kuma ana yin aikin ne mutane na zaune a ciki: a rufe gareji, a rufe baranda, a rufe wurin ninƙaya, a cika gida da ƙura da ƙarar injin fasa kankare na watanni, wani lokaci fiye da shekara.

Idan ruwan ya zo a dare ɗaya: abin da ya faru a New York

Domin a fahimci dalilin da ya sa gyaran irin na Surfside ke jinkiri, yana da kyau a kwatanta shi da ɗaya nau'in ɓarnar ruwa, wato ambaliyar da ke zuwa farat ɗaya kowa na gani.

A ranar 29 ga Oktoban 2012 mahaukaciyar guguwar Sandy ta tura ruwan teku cikin birnin New York. A kudancin tsibirin Manhattan, inda manyan benayen kamfanonin hada-hadar kuɗi suke, tsayin ruwan ya kai kimanin ƙafa 14 a ma'aunin da ke bakin gaɓa. Hukumomin birnin sun ƙiyasta asarar a kan dala biliyan 19.

Ruwan bai kai hawa na biyu ba a akasarin dogayen benayen, amma ya kashe su gaba ɗaya. Dalili shi ne kayan da ke rayar da bene a ƙarƙashin ƙasa aka saba ajiye su: manyan akwatunan rarraba wuta, taransifoma, tankokin mai, tukwanen dumama gida, injinan tura ruwa sama, wayoyin tarho, da ramin lifta. Mutumin da ke hawa na 30 bai ga ɗigon ruwa a ɗakinsa ba, amma ba wuta, ba ruwan famfo, ba lifta.

Asibitin Bellevue, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin gwamnati a Amurka, ya ajiye janaretocinsa a hawa na 13, amma injinan da ke tura musu mai suna ƙasa. Da ruwa ya cinye su, sai da aka riƙa hawa da mai ta matakala a hannu, daga bisani aka kwashe ɗaruruwan marasa lafiya. Asibitin bai koma cikakken aiki ba sai a Fabrairun 2013.

Gyaran irin wannan ɓarna na da nasa tsarin. Ana zuƙe ruwan ne a hankali, domin idan aka kwashe na ciki da sauri alhali ƙasar waje na jiƙe, matsin ruwan waje na iya tura bango ko dabe. Ruwan ambaliya na haɗe da najasa da mai, don haka duk abin da ke shan ruwa, kamar darduma da silin da allunan bango, cire shi ake yi a zubar. Fumfuna kan fara tsiro cikin kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai danshi, shi ya sa ake gaggawar kawo injinan busarwa. Kayan wutar da ruwan gishiri ya taɓa kuwa galibi sauya su ake yi, domin ko sun bushe gishirin na nan yana cin su, kuma suna iya haddasa gobara.

Masu manyan benayen ofisoshi sun yi aikin cikin makonni ko watanni, saboda kowace rana da ginin ke rufe asarar kuɗin haya ce. Da yawa sun mayar da kayan wutarsu hawa na sama, sun tanadi shingayen ƙarfe da ake kafawa idan an yi hasashen ambaliya. Kamfanin sadarwa na Verizon ya maye gurbin wayoyin tagullar da suka lalace a yankin da wayoyin gilashi masu aiki da haske. Birnin kuma ya gyara dokokin gininsa domin sauƙaƙa ɗaga irin waɗannan kaya sama.

Amma ko a New York ba kowa ne ya sami gyara da wuri ba. Kimanin mutum dubu 80 da ke zaune a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi ne suka rasa wuta ko ruwan zafi ko ɗumin ɗaki. Sai a 2015 aka sanar da tallafin kimanin dala biliyan 3 daga hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, domin gyara rukunan gidajen fiye da 30, kuma wasu mazauna sun shafe shekaru suna dogaro da tukwanen dumama na wucin gadi.

Duk da haka, ambaliya na da abin da yoyo ba shi da shi: rana da sa'ar da ta faru, hotuna a talabijin, da kuma wanda za a aika wa takardar neman biya.

Wa zai biya?

Inshorar gini a Amurka kan biya ɓarnar da ta auku kwatsam, kamar fashewar bututu ko gobara. Ambaliya na da inshorarta ta daban, akwai kuma agajin gwamnati idan an ayyana bala'i. Amma lalacewar da ta taru a hankali, wato yoyo da tsatsa da tsufa, galibi kamfanonin inshora ba sa biya, domin suna ɗaukar ta a matsayin rashin kulawar mai gini. Don haka kuɗin daga aljihun masu gidaje zai fito.

A nan ne tsarin mallakar ya shigo. A irin benen Surfside kowa na da nasa gidan, amma rufi da ginshiƙai da gareji da bututu na kowa da kowa ne. Masu gidajen ne ke zaɓen kwamiti daga cikinsu, 'yan sa-kai da ba a biyan su, waɗanda galibi ba injiniyoyi ba ne. Su ne ake sa ran za su ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsu su ce ya kawo dala dubu 80. Wanda ya dage a yi gyara kan fuskanci fushin maƙwabta, kuma ana iya kayar da shi a zaɓe na gaba.

Muradun mazaunan ma sun bambanta. Dattijo mai shekara 80 ba ya ganin hikimar biyan kuɗin rufin da zai yi shekara 30. Mai shirin sayar da gidansa baɗi ya fi so a jinkirta. Wanda ya saya don haya kuma ƙila ma ba ya ƙasar.

Dokar Florida ta wancan lokaci ta ƙara sauƙaƙa jinkirin, domin ta ba masu gidaje damar kaɗa ƙuri'a duk shekara su rage ko su yafe wa kansu zuba kuɗi a asusun gyare-gyare. Hakan ya sa kuɗin wata-wata ya zama da sauƙi, gidajen suka yi farin jini a kasuwa, bashin gyaran kuma yana taruwa a cikin kankare.

A lokacin, gundumar Miami-Dade na da dokar sake tantance gini idan ya cika shekara 40, wadda aka kafa bayan rushewar wani ginin ofisoshin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Miami a 1974. Champlain Towers South na cikin shirin wannan tantancewa ne ya faɗi. Akasarin sauran sassan jihar kuwa ba su da irin wannan doka kwata-kwata a wancan lokaci.

Sabuwar doka da raɗaɗinta

A watan Mayun 2022 Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu kan dokar da ta sauya tsarin a duk faɗin jihar. Ta wajabta binciken injiniya ga irin waɗannan gine-gine masu hawa uku zuwa sama idan sun cika shekara 30, ko shekara 25 ga waɗanda ke tsakanin mil uku da gaɓar teku, sannan a maimaita duk shekara 10. A 2023 an yi mata kwaskwarima, aka bar wa ƙananan hukumomi zaɓin amfani da wa'adin shekara 25.

Dokar ta kuma tilasta yin nazari kan kuɗin da ake buƙatar tarawa domin muhimman sassan gini, kamar rufi da ginshiƙai da bututu da wayoyin wuta da shimfiɗar hana ruwa, ta kuma soke damar yafe wannan tari.

Girman abin da dokar ta taɓa ba ƙarami ba ne. Florida na da irin waɗannan gidaje kimanin miliyan ɗaya da rabi, kuma fiye da dubu 900 daga cikinsu sun haura shekara 30. Gyaran da aka yi shekaru ana ɗagawa sai ya faɗo wa masu gidajen na yanzu a lokaci guda, daidai lokacin da kuɗin inshora da na kayan gini suka tashi. Manyan cibiyoyin da ke tsaya wa bashin sayen gida a Amurka, Fannie Mae da Freddie Mac, su ma sun tsaurara sharuɗɗa kan gine-ginen da ke da gyaran da ba a yi ba, abin da ya sa mai son saye ke shan wahalar samun rance, mai son sayarwa kuma ya rasa mai saye.

Masu sukar dokar na cewa ta zo da gaggawa, tana korar talakawa da tsofaffi daga gidajensu, tana kuma buɗe ƙofa ga kamfanonin da ke son sayen tsofaffin benayen bakin teku su rushe su gina na attajirai. Masu goyon bayanta na cewa dokar ba ta ƙirƙiro ko tsaga ɗaya ba, ta dai tilasta a dubi wadda take nan, kuma mai sayen gida na da haƙƙin sanin bashin da zai gada.

Matsin lambar ya sa majalisar jihar ta sassauta a 2025. Ta ɗaga wa'adin nazarin asusun zuwa 31 ga Disamban 2025, ta amince kwamitoci su yi amfani da rance wajen cike asusun, ta kuma ba su damar dakatar da tarin na ɗan lokaci domin su fuskanci gyaran da binciken injiniya ya nuna. Ba ta soke wajabcin binciken ba.

Haɗarin da ke cikin sassaucin a fili yake: kowane ƙarin wa'adi na rage wa aljihu raɗaɗi, amma tsatsa ba ta san an ɗaga wa'adi ba. Haɗarin tsaurarawa ma gaskiya ne, domin doka ba ta ƙirƙiro kuɗi a aljihun ɗan fansho. Ginin da masu shi suka kasa biya na iya ƙarewa a rufe, kamar yadda hukumomi suka kwashe mazauna benen Crestview Towers da ke North Miami Beach kwana takwas bayan rushewar Surfside.

Ina ruwan Najeriya?

Sharuɗɗan da suka haɗu a Surfside ba na Amurka kaɗai ba ne: bene a bakin teku, iska mai gishiri, ruwan ƙasa a kusa, gini mai shekaru, da masu mallaka da yawa. Legas na da su duka. A Ikoyi da Victoria Island da Lekki dogayen benaye na ƙaruwa, ana sayar da gidajen cikinsu ɗaiɗai, ciki har da ga 'yan kasuwa daga arewa, kuma unguwannin na fama da ambaliya kusan duk damina. Akwai kuma manyan gine-ginen shekarun 1970, kamar rukunin gidajen 1004 da gwamnatin tarayya ta sayar bayan komawarta Abuja, da tsohuwar sakatariyar tarayya ta Ikoyi da ta daɗe ba kowa a ciki.

Hankalin jama'a a Najeriya ya fi karkata ga benen da ya faɗi ana cikin gina shi, kamar mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a Nuwamban 2021. Surfside na tunatar da cewa ginin da ya tsaya shekara 40 ma yana buƙatar a koma a duba shi. Mai shirin sayen gida a dogon bene, a Legas ne ko Abuja ko Dubai, na da tambayoyi uku da suka fi launin tayil muhimmanci: yaushe injiniya ya duba ginin, nawa ne a asusun gyara, kuma a ina aka ajiye janareta da kayan wuta?

Lissafin ƙarshe

A watan Yunin 2022 wani alƙali a Miami, Michael Hanzman, ya amince da sulhun diyyar da ta haura dala biliyan ɗaya ga iyalan mamata da waɗanda suka tsira, wadda kamfanonin inshora da sauran waɗanda aka yi ƙara suka biya ba tare da amsa laifi ba. An sayar da filin a kan dala miliyan 120 ga kamfanin DAMAC na Dubai, wanda ya tsara gina benen alfarma a wurin.

Gyaran da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 9 a 2018 ya zama miliyan 15 a 2021. Babu wanda zai iya rantsewa cewa da an yi shi a kan lokaci ginin zai tsira, ganin raunin da ke cikinsa tun daga zane. Amma da an fasa daben farfajiyar domin gyara, da an tokare shi da ƙarafa, da kuma injiniyoyi sun ga rodin da ke ciki da idonsu.

Abin da za a zuba wa ido a Florida yanzu shi ne ko rahotannin da injiniyoyi ke rubutawa za su rikiɗe su zama aiki a ƙasa. Mazauna Champlain Towers South ma suna da nasu rahoton a hannu, wata 32 kafin ginin ya faɗi.